Kogon Ja'ita: Inda Ruwan Shan Birnin Beirut Yake Kwana

Duk wanda ya taɓa neman waya ko kayan gyaranta a Kano ya san Titin Beirut. Sunan gado ne daga Kwarori, fataken Labanon da Siriya da suka fara sauka a birnin tun farkon ƙarni na 20, suka buɗe kantuna, suka shiga cinikin gyaɗa da atamfa, har jikokinsu suka tashi da Hausa a baka. Mun san mutanen, mun san hajarsu, amma ƙasar da suka baro ba mu cika jin labarinta ba sai in yaƙi ya ɓarke ko wani abu ya fashe. Alhali a wannan 'yar ƙaramar ƙasa, wadda faɗinta bai kai na Jihar Kano ba, akwai wani kogo da kogi ke gudana a cikinsa, wanda ya shayar da mutane tun kafin a san rubutu, kuma har gobe shi ne randar babban birnin ƙasar. Sunansa Magaratu Ja'ita da Larabci, wato Kogon Ja'ita.

Kogon yana kimanin kilomita 18 arewa da Beirut, a cikin kwarin da ake kira Nahrul Kalb, ma'ana Kogin Kare. An ce sunan Ja'ita ya samo asali daga harshen Aramiya, yana nufin ruwa mai ruri, kuma wanda ya tsaya a bakinsa lokacin da ƙanƙarar duwatsu ke narkewa ba zai nemi ƙarin bayani ba. A haƙiƙa kogo biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, kamar bene. Na ƙasan shi ne mai ruwa, tsawonsa da aka auna ya haura mita 6,000. Na saman ya ɗara shi tudu da kamar mita 60, busasshe ne, tsawonsa ya ɗan haura mita 2,000. In aka haɗa su da rassansu, tafiyar ta kusa kilomita 9 a cikin duhun dutse.

Kafin a fahimci yadda kogi ya shige cikin dutse, sai an dubi ƙirar ƙasar. Labanon tsauni ne da ya tsaya a bakin Bahar Rum. Mutum na iya barin gaɓar teku da hantsi, kafin azahar ya tarar da kansa a tudun da ya haura mita 2,000, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni. Sunan ƙasar ma daga wannan farin ya fito, tushensa ɗaya da kalmar laban ta Larabci, wato nono. Yawancin tsaunin dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti, kamar na Kalambaina a Sakkwato. Masana ilimin duwatsu sun ƙiyasta cewa shimfiɗar da Ja'ita ke cikinta ta taru a ƙarƙashin wani tsohon teku fiye da shekaru miliyan 150 da suka shuɗe, daga ɓawon ƙananan halittun ruwa, sannan motsin ƙasa ya ɗaga ta sama, ya tsattsage ta.

Shi wannan dutse yana da rauni guda. Ruwan sama idan ya ratsa ƙasa yakan kwashi iskar da saiwoyi da ruɓaɓɓun ganyaye ke fitarwa, sai ya ɗan yi tsami, tsamin da harshe ba zai ji ba amma dutsen farar ƙasa yana jin sa. Ruwan ya bi tsaga, ya lashe gefenta kaɗan, na bayansa ya zo ya ƙara. A haka tsagar da allura ba za ta shiga ba ta zama kwararo, kwararo ya zama zaure, zaure ya zama fili mai rufin da tsayinsa a wani wuri ya haura mita 100. Kogon saman shi ne tsohuwar hanyar ruwan. Da kwarin da ke waje ya ƙara zurfi, sai ruwan ya sauka ya haƙa sabuwar hanya a ƙasa, ya bar ta saman a bushe, sai ɗigo kawai.

Wannan ɗigon ne ya yi wa kogon ado. Kowane ɗigo yana ɗauke da ɗan narkakken dutse, idan ya iso rufi ya sha iska sai ya ajiye wani abu a can, ya faɗo ƙasa ya ajiye ragowar. Daga rufi tsini ya riƙa ratayowa, daga ƙasa turke ya riƙa tasowa, wani lokaci su haɗu su zama ginshiƙi. Girman da suke yi a shekara sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. A wani zaure na kogon saman da ake kira Farin Ɗaki akwai tsinin da tsawonsa ya kai mita 8.2, yana cikin mafi tsawo da aka sani a duniya. Mai karatu ya yi lissafin shekarun da kansa. Wasu zaurukan farare ne tas, wasu jajaye saboda tsatsar ƙarfe da ruwan ya ɗebo a hanya.

Abin da ya fi jan hankalina game da waɗannan turaku shi ne ajiyar da suke yi wa tarihin ruwan sama. Kamar yadda ake ƙirga shekarun itace daga zoben da ke cikin kututturensa, haka masana ke tsaga turken dutse su karanta shimfiɗunsa, su gane shekarun da aka yi damina mai albarka da waɗanda aka yi fari. An yi wannan aiki a kan wani turke daga Ja'ita mai ɗauke da labarin kusan shekaru 12,000, aka ga cewa lokacin da yankin ya fi samun ruwa shi ne tsakanin kimanin shekaru 9,000 zuwa 6,500 da suka wuce, daga nan ƙasa ta soma bushewa. A daidai wannan zamani ne Sahara take da ciyawa da tafkuna, Tafkin Chadi kuma ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a shekarar 1987 a yankin da yake cikin Jihar Yobe a yau, an auna shekarunsa kusan 8,000. Wato sa'ad da wani masassaƙi yake fafe wancan gungume a kusa da Komadugu Gana, ɗigon Ja'ita yana can yana rubuta irin ruwan da aka yi a shekarar.

Mutane sun daɗe a bakin wannan ruwa. A ƙananan kogunan da ke kewaye da mashigar an tono wuƙaƙen ƙanƙarar dutse da ƙasusuwan namun dajin da mafarauta suka ci, na zamanin da ba a san ƙarfe ba. 'Yan kilomitoci kaɗan daga nan, kusa da garin Antelias, akwai wata mafakar dutse mai suna Kasar Akil, inda tarkacen zaman mutane ya taru shimfiɗa bisa shimfiɗa har zurfin ya haura mita 20. A can aka tono ƙasusuwan wani yaro a 1938, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekaru 40,000. Ba abin mamaki ba ne. Ga ruwan da ba ya ƙafewa rani da damina, ga inuwa, ga namun daji na saukowa sha, ga teku a kusa. Sai dai su waɗancan mutane a baki suka tsaya, domin cikin kogon ruwa ne mai sanyi da duhun da jiniya ba ta isa ta kore shi ba.

Tarihin da aka rubuta kuwa yana inda ruwan ya ƙare tafiyarsa. Bayan ya fito daga kogon, kogin yakan gangara 'yan kilomitoci ya faɗa teku, kuma a daidai nan wani ƙaton dutse ya tsaya har cikin ruwa, ya tare hanyar gaɓa. Duk rundunar da za ta tashi daga Masar zuwa Siriya, ko daga arewa zuwa kudu ta bakin teku, dole ta ratsa wannan matsatsi, sojoji a jere kamar tururuwa. Girkawa suna kiran kogin Likos, wato kyarkeci. Akwai tatsuniyar da ke cewa wai a da an kafa gunkin kare a kan dutsen, wanda kan yi haushi in maƙiya sun doso, kuma daga nan sunan Kogin Kare ya fito. Ko ma mene ne gaskiyar wannan, sarakunan da suka ci nasarar wucewa sun ɗauki al'adar sassaƙa sunansu a jikin dutsen, har aka sami rubuce-rubuce sama da ashirin.

Wanda ya fara shi ne Fir'auna Ramsis na Biyu, a ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da yake kai hare-hare ƙasar Siriya yana ja-in-ja da daular Hitti. Allo uku ya bari. Bayan kimanin shekaru 600 sai ga Esarhaddon, sarkin Assuriya, daga ƙasar da take Iraƙi a yau. A shekara ta 671 kafin haihuwar Annabi Isa ya ci birnin Memfis na Masar, ya kori Fir'auna Taharƙa, wanda ɗan Kush ne, baƙar fata daga ƙasar Sudan ta yanzu. Da Esarhaddon ya tashi rubuta labarin wannan nasara, bai nemi wani wuri ba sai dab da allon Ramsis. Duk wanda ya san halin masu mulki ya san wannan zaɓi ba kuskure ba ne, habaici ne da gizago: ga wanda ya yi alfahari jiya, ga ni da na shiga gidan magadansa yau. Ba a cika shekaru 60 ba daular Assuriya ita ma ta rushe. Nebukadnezzar na Biyu, sarkin Babila, wanda littattafan tarihi na Larabci ke kira Bukhtanassar, ya zo ya yi nasa rubutun a ɗaya gaɓar kogin.

Haka aka yi ta yi. Rumawa sun bar rubutu da Latin a zamanin sarki Karakalla, a farkon ƙarni na 3, suna shelar cewa sun fasa dutse sun faɗaɗa hanya. Akwai na Girkanci. Akwai na Larabci da ke ɗauke da sunan Sultan Barƙuƙ na daular Mamluk, a ƙarshen ƙarni na 14, game da aikin gada. Da sojojin Faransa na Napoleon na Uku suka zo a 1860, suka tashi komawa a 1861, sai suka goge ɗaya daga cikin allunan Ramsis suka rubuta nasu a kai, abin da ko a wancan zamani ɓarna ce, balle yanzu. Turawan Ingila sun bar nasu na 1918, Janar Gouraud na Faransa ya bar na shigarsa Dimashƙa a 1920. Daga nan ne masu ƙasa suka karɓi alƙalami: akwai allon ficewar sojojin ƙetare a ƙarshen 1946, da na janyewar Isra'ila daga kudancin Labanon a shekarar 2000. Hukumar UNESCO ta sanya rubuce-rubucen cikin kundinta na abubuwan tunawa na duniya a 2005.

A tsawon waɗannan ƙarnoni ba a sami labarin ko sarki ɗaya da ya bi kogin ya ga inda yake fitowa ba. Littattafai sukan ce wani mai wa'azin Kirista Ba'amurke, William Thomson, shi ya gano kogon a 1836. Wannan magana tana bukatar gyara, irin gyaran da muke yi wa masu cewa Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara, domin manoma da makiyayan kwarin sun san bakin kogon tun kaka da kakanni. Abin da Thomson ya yi shi ne ya kutsa kamar mita 50 har ya iso bakin ruwa, ya harba bindiga cikin duhu, ya saurari amsa-kuwwar tana ta tafiya ba ta dawo da wuri ba, ya tabbatar cewa abin da ke gabansa ba ƙarami ba ne, sannan ya rubuta.

Ƙishirwa ce ta kawo masu bincike na gaske. Beirut tana bunƙasa a rabin ƙarni na 19 na biyu, rijiyoyinta sun kasa, sai aka ba wani kamfanin Ingila aikin jawo ruwa daga Kogin Kare. A 1873 da 1874 injiniyoyin kamfanin biyu, Maxwell da Huxley, tare da Daniel Bliss, shugaban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Amurka ta Beirut, suka shiga kogon a kan ɗan abin hawa da suka harhaɗa, da fitilu a hannu. Sun kai mita 1,060 kafin wani wuri mai ruwa mai ƙarfi da duwatsu masu kaifi ya tsayar da su, suka raɗa masa suna Gangaren Jahannama. A cikin tafiyar suka rubuta sunayensu a takarda, suka cusa a kwalba, suka ɗora ta a kan wani turke. Ɗigo ya ci gaba da aikinsa, ya lulluɓe kwalbar da farin ɓawo har ta manne da dutsen. Ga alama su ma cutar Ramsis ta kama su, sai dai nasu allon ruwa ne ya ɗaure shi.

Daga shekarun 1940 'yan ƙasa suka karɓi aikin. Sun kafa ƙungiyar masu binciken koguna ta Labanon a 1951, suka yi ta nutsawa gaba da gaba, kuma su ne suka hau suka tarar da kogon saman a 1958. A shekarar aka buɗe na ƙasan ga masu yawon buɗe ido, na saman kuma a 1969, bayan an fasa masa hanya ta cikin dutse mai tsawon kusan mita 120. A wannan shekara har kiɗe-kiɗe aka yi a ciki, ciki har da na Bajamushen nan Karlheinz Stockhausen. Daɗin bai daɗe ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, aka rufe kogon a 1978, aka mayar da hanyoyin shigarsa ma'ajiyar harsasai. Sai a 1995 aka sake buɗe shi. A yau baƙo yakan yi tafiyar mita 750 a ƙafa a kogon saman, sannan a sa shi a ƙaramin jirgi mai aiki da lantarki ya yi kamar mita 500 a kan ruwan na ƙasan, inda sanyi ke tsayawa wajen digiri 16. Da hunturu akan rufe na ƙasan, domin ruwa yakan cika har ya hana jirgi wucewa. A 2011 kogon ya kai zagayen ƙarshe na wata gasar zaɓen abubuwan al'ajabi bakwai na halitta, bai dai samu shiga bakwai ɗin ba.

Ni a ganina maganar gasa da baƙi ita ce ƙarama. Babbar magana ita ce ruwan da ke fita daga bakin kogon ana tare shi, a bi da shi ta magudana zuwa matatar Dubayya da ke bakin teku, daga nan a tura shi gidajen Beirut. Kaso mafi tsoka na ruwan famfon birnin daga nan yake, mutane fiye da miliyan ɗaya suna sha. Kuma raunin dutsen da ya haifi kogon shi ne barazanar da ke kansa. A ƙasa mai yashi, ƙazantar da ta nutse takan yi tafiyar hawainiya, yashi yana tace ta, ƙwayoyin cuta suna mutuwa a hanya. A dutsen farar ƙasa babu matata. Abin da aka zuba a tsaga yana bin kwararo ne kamar a bututu.

Daga 2010 masana daga hukumar binciken ƙasa ta gwamnatin Jamus, tare da takwarorinsu na Labanon, sun yi 'yan shekaru suna nazarin wannan. Dabararsu mai sauƙin fahimta ce: su zuba rini marar illa a wani rami ko gindin rafi a kan tsauni, su koma bakin kogon su jira. Rinin yakan bayyana cikin 'yan kwanaki. Da haka suka gane cewa yankin da ke ciyar da Ja'ita ya kai kimanin murabba'in kilomita 400, ya zarce iyakar kwarin da ido ke gani, ya haɗa har da tuddan da maɓuɓɓugan nan biyu masu daɗin suna suke, Nab'ul Asal da Nab'ul Laban, wato idon zuma da idon nono. A cikin wannan yanki akwai garuruwan shaƙatawa kamar Faraya da Ajaltun, inda masu hali suka yi ta gina gidaje da otal-otal tun bayan yaƙi, akasari ba tare da magudanar ƙazanta ta gari ba. Kowane gida da ramin masansa, an haƙa shi a cikin dutse mai tsaga. Ga gidajen mai, ga wuraren fasa dutse, ga juji. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mai gidan da ke kan tudu yana iya zama shi ne mai wani gida a Beirut, ya zubar a sama ranar Lahadi, ya buɗe famfo a ƙasa kafin wata Lahadin.

Masanan sun ba da shawarar a shata yankunan kariya inda za a hana wasu gine-gine, a kuma shimfiɗa bututun ƙazanta da matatu a garuruwan tudu. Shawara ce mai tsada, kuma ta faɗo a ƙasar da tattalin arzikinta ya durƙushe tun daga 2019, kuɗinta ya rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na darajarsa, wutar lantarki ta koma ta 'yan sa'o'i a rana. A 2021 asusun UNICEF ya yi gargaɗin cewa mutane fiye da miliyan huɗu a Labanon suna fuskantar rasa tsaftataccen ruwa, saboda hukumomin ruwa sun kasa sayen mai da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da kayan gyara. A watan Oktoban 2022 kwalara ta ɓulla a ƙasar, karo na farko cikin kusan shekaru 30. A arewa ta faro, nesa da Ja'ita, amma ta nuna irin siririn zaren da lafiyar jama'a ke rataye a kai idan duk kariyar da ta rage ita ce sinadarin da ake zubawa a matata.

Wanda ke zaune a unguwar da ake haƙa rijiyar burtsatse taku goma daga masan maƙwabci, kamar yadda ake yi a sababbin unguwannin biranenmu, ba zai ji wannan labari baƙo ba. Mu dai a wurare da dama yashi da yumɓu suna ɗan rufa mana asiri. Mutanen Beirut ba su da wannan gata, kuma a ƙarshen rani, daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ƙanƙarar tsauni ta gama narkewa kuma ruwan sama bai dawo ba, maɓuɓɓugar takan ja baya ƙwarai. Ruwan da zai surka ƙazantar ya ragu, ita kuwa ƙazantar ba ta ragu ba. A irin waɗannan watanni ne motocin tanka ke cika titunan birnin suna sayar da ruwa gida-gida, Kogin Kare kuma yakan ƙanƙance har ya zama ɗan siririn rafi a gindin dutsen da Ramsis da Esarhaddon suka bar sunayensu.